Taƙi Biyu na Wutsiyar Kekena

Litinin, 2 ga Oktoba 2023, Tasawa

Alhamdu lillahi, yau mai ɗori ya ce in daina rataye hannu. Wata uku ke nan tun ranar da na faɗo a Issawane. Alƙalami na fara ɗauka don in ga ko yatsun sun manta aikinsu. Ba su manta ba, sai dai rubutun ya koma irin na ɗalibaina na yaƙi da jahilci a satinsu na farko.

Bari in rubuta yadda abin ya faru, tun da kowa a gari yana da nasa labarin. Shekara goma sha ɗaya ina wasan keke. In za a yi rigakafin yara a ƙauye, ni ake kira in tara jama'a. A kife turmi uku a jere: na dakan yaji, matsakaici, da babban turmin sussuka. In ɗaga tayar gaba, in tsaya a kan ta baya kaɗai, in yi tsalle daga ƙasa zuwa na farko, daga nan zuwa na biyu, sannan na uku. Mata su fito kallo da goyo, ma'aikatan asibiti su bi su da ɗigo da allura. Ran nan na dira a kan na uku, wutsiyar keken, wato ƙarafan da ke riƙe tayar baya, ta ɓalle, na sauko da kafaɗa. Ba aljanu ba ne, ba kuma sammu ba. Tsatsa ce, kuma na gan ta tun bara na kau da kai.

Laraba, 4 ga Oktoba

Baban matata Sa'a ya aiko da keken. Danda mai walda gari ke ce masa. Ni surukinsa a takarda kaɗai nake iya faɗin sunan.

Ban san ma ya gama ba. Gaban keken da tayoyin ne suka dawo daga Issawane, guntayen wutsiyar can aka bar su. A sati na biyu da kwanciyata ya turo Sa'a ta tambaye ni awo. Na ce mata daga cibiya, inda feda ke juyawa, zuwa tsakiyar tayar baya, taƙi biyu ne, ba ƙari ba ragi. Cibiyar kuma ta ɗara tsakiyar taya tsawo da yatsa biyu. Ina cikin zafin ciwo na faɗa, na kuma manta.

Mutumin nan amalanke yake ƙerawa tun kafin a haife ni, kuma shekara biyu ke nan ya rage walda saboda idanu. Ga shi ya zauna ya yi mini wutsiya sabuwa fil, ya shafe ta da koren fentin amalanke. Walda mai tsabta, ko ƙulli ɗaya ban ji ba da na shafa. Sai da na shiga ɗaki na ɗan jima kafin in fito, kada Sa'a ta ga idona.

Har da sirdi a leda. Kekena bai taɓa yin sirdi ba, tsaye ake wasan. Sa'a ta ce, "Ya ce shi dai bai iya maido maka keke ba mazamni, gari shi ce ɗiyatai ta auri wanda bai da inda za shi zamna."

Da la'asar na je na durƙusa na yi godiya. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Abin da ya ce kawai, "Taƙi biyu cif. Sau ukku na auna."

Alhamis, 5 ga Oktoba

Zagaye uku a tsakar gida. Kaji sun watse, kafaɗa ta yi shiru. Na gode wa Allah.

Litinin, 9 ga Oktoba

Da sassafe na kai shi bayan ajina, inda ƙasa ke da tauri. Abin da jikina ya sani tun tuni: damƙe birkin baya, jefa nauyi baya, taka feda sau ɗaya da ƙarfi, gaba ya tashi da kansa kamar akuya za ta ci ganyen bishiya. Can sama akwai wani wuri da nake kira kujera, inda keken ke daina nauyi, mutum ya tsaya a kan taya ɗaya yana 'yan tsalle har ya gaji don kansa.

Yau gaban ya ƙi tashi. Ya ɗago kaɗan ya koma dim. Na fizge shi da hannu, kafaɗa ta amsa. Sau ɗaya na kai shi sama, amma kujerar ba ta inda na bar ta.

Rashin yi ne. Wata uku ba kwana uku ba ne.

Ina dawowa waya ta yi ƙara. Najiba ce, majo, wato shugabar asibitin da ke shirya rigakafi a Kona, wadda ta fara kirana wannan aiki. Asabar huɗu ga Nuwamba za su yi gangami. "Malam Harisu, tun da ka kwanta mata ba su hitowa sai mun bi su gida-gida. On compte sur toi fa, da kai muka dogara." Na ce mata in sha Allahu kafin kaina ya gama tunani. Bakina kullum yana gaba da ni.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Kwana uku ina bin keken gaɓa-gaɓa kamar mai sayen rago.

Iskar taya na rage, na ƙara. Birki na ɗaure har yana kuka. Na duba wuya, wato inda kan keken ke juyawa: in ya kwanta baya keke yakan yi kasala a juyi, in ya miƙe tsaye yakan ji magana da wuri. Na ɗauko hoton bara a waya na gwada, yana nan yadda yake. Na ja zare daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, cibiya ta ɗara zaren da yatsa biyu daidai. Wannan ma ya ba ni mamaki, don duk keken da Baba ya taɓa gani cibiyarsa ƙasa take, amma ya bi maganata bai gyara mini ita ba.

Wutsiya ban taɓa ba. Sau uku aka auna ta.

To, saura ni.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ko turmin yaji ban hau ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Sa'a tana tankaɗe ta ce, "Ko hannun ne?" Na ce hannun ne.

Ba hannun ba ne, kuma littafin nan ba zai kai ƙarata ko'ina ba. Duk sanda gaba ya fara tashi sai in ji wannan ƙas ɗin na Issawane a kunnena, tun kafin komai ya faru. Da ni ne mai yi wa mutane dariya, in direba ya yi haɗari ya koma sayar da goro in ce ai dama ba direba ba ne. Allah ya yafe mini, ina ganin yanzu layina ya zo.

Abin da ya fi ci mini rai, in ban hau turmin nan a Kona ba, shi ke nan, na zama malamin da ya taɓa yin wasan keke. Kuma tsohon nan ya ƙona idonsa a banza.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na ɗaura sirdin. Na ce don in je gona in ga ɗaurin dami ne, kuma gaskiya ne.

Hanyar gonarmu rairayi ce zalla. Da can keken nan a rairayi wahala ne, gindinsa ya yi ta wutsil-wutsil, in sauka in tura. Yau ya miƙe sambal, ko gezau. Ina zaune, iska na shiga rigata, hatsi jibge dama da hagu, bana Allah ya yi mana albarka. Na ji daɗi har na ji kunyar jin daɗin.

Wani a bakin rijiya ya ɗaga murya, "Malam ya tuba, ya sa sirdi." Na ɗaga masa hannu, wai ni ma abin ya ba ni dariya.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Bayan masallaci na ɗauko waya sau biyu in ce wa majo ta nemi mai kalangu. Sau biyu na mayar aljihu.

Litinin, 23 ga Oktoba

Yau sai in rubuta a tsanake.

Sa'a ta dama furar sabon gero ta ce in biya in kai wa Baba rumfa. Na tarar da shi da baƙo, Hamani, wani makiyayi daga wajen Issawane da ya zo a yi wa amalankensa sabon ƙarfen gindi. Tsofaffin abokai ne, ba sa gaisawa sai da tsiya. Baba ya tambaye shi faɗin amalanken, taƙi nawa. Hamani ya zaro igiya daga aljihu, da ƙulli a kowane baki.

"Ni da kai ba mu ƙara yin taƙi, Danda. Bara na ce maka shidda, ka yi mani abin da bai shiga ƙohwar gidana. Wanga hannu naka ai na raƙumi na."

Suka yi ta dariya. Ni kuwa kwanon fura na hannuna, idona na kan hannun Baba, ya buɗe shi a kan ƙarfe daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Shekara tara ina surukinsa, kunya ba ta taɓa bari na kalli hannunsa ba.

Ban san yadda na yi sallama ba. Na iso gida na durƙusa gaban keken, na ɗora babban yatsa a cibiya. Taƙi ɗaya. Taƙi biyu. Tsakiyar taya tana can gaba, sai da na jera yatsu huɗu kafin in kai. Na sake, na sake. Taƙi biyu da yatsa huɗu.

Na zauna a ƙasa na yi dariya har Sa'a ta leƙo. Sai yanzu na tuna ta ce mini Baba ya ƙara wa sarƙar gaɓoɓi don ta ƙi kaiwa, ni kuma na ɗauka wasu sun zube a Issawane.

Yatsa huɗu ba komai ba ne a amalanke. A nan kuwa su ne komai. In tayar baya tana kusa da ƙafafuna, nauyina yana bisa kanta, ɗan motsi kaɗan ya isa ya ɗaga gaba. In ta yi nisa, kamar mutum ne zai ɗauki buhu da hannu a miƙe maimakon ya rungume shi. Shi ya sa kujera ta gudu can baya, shi ya sa kuma ya yi daɗi a rairayi.

Kuma ba laifin kowa sai nawa. Ni mai koya wa manya santimita a allo, na aika awo da hannuna na bar hannun a gida.

Allah na gode maka. Ashe ba ni ba ne.

Talata, 24 ga Oktoba

Murnar ta kwana ɗaya ce. Yanzu wa zai faɗa masa?

Sa'a ta ce ba ita ba. "Kwana tara idonshi na zubar da ruwa saboda kekenka, Inna na sa mishi tsumma da ruwan sanyi. In je in ce mishi ya yi kuskure? Kai ka je." Ta san ba zan iya ba. Mutumin da ko sunansa ba na kira, in buɗe baki in ce kyautarka ba ta yi ba.

Na yi tunanin kai wa wani mai walda a bakin tasha. Kafin ƙarfen ya huce labari ya isa rumfarsa, kuma wannan ya fi muni. Na yi tunanin barin sa haka, in ce wa majo kafaɗa ce. Kowa zai yarda.

Saura kwana goma sha ɗaya.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Hamani ya ba ni dabara bai sani ba. Da safe na zaro karan gero daga darni, na auna taƙi biyu da nawa hannun, na yanke. Na tura keken zuwa rumfa, na jingine shi, na ajiye karan a kan sirdi, na durƙusa na gaishe shi. Daga nan na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa.

Na ji ya tashi, na ji ƙarar karan a kan ƙarfe. Sai ya ce, "Harisu, kawo hannunka."

Bai taɓa kiran sunana ba, kullum "malam" ne ko "mutanen gidan". Na miƙa. Ya haɗa tafinsa da nawa, yatsunsa suka wuce nawa da gaɓa guda har da ɗori. Tafin kamar bayan itace.

"Ashe hannun alli na," ya ce. "Mi ya hana ka hwaɗi tun sati ukku?"

Na ce ban sani ba sai shekaranjiya waccan. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni. Ya ce in dawo jibi da hantsi, lokacin da idonsa ya fi gani. Har na juya sai na ji yana magana, ban san ko da ni yake ko da keken ba: "Da na sani da na ce karan ne gajere. Ka riƙa zuwa kasuwa zamne kamar kowa."

Asabar, 28 ga Oktoba

An yanke. Ni na riƙe karan, shi ya ja layi da ƙusa. Na aro masa abin rufe fuska mai baƙin gilashi, ya ce ba ya ganin komai a ciki, amma ya sa. Kafin azahar ya gama, ya cire gaɓoɓin da ya ƙara wa sarƙa ya zuba mini a hannu. Fenti ya ƙone a wurin waldar, ya so ya sake shafawa, na roƙe shi ya bari sai bayan Kona.

Da yamma Sa'a ta je duba shi. Idon ya yi ja, amma ta tarar yana cin gyaɗa yana ba maƙwabta labarin hannuna. Gobe duk Tasawa za ta ji. Na yafe, ya ci bulus.

Litinin, 30 ga Oktoba

Taka ɗaya, gaba ya tashi.

Kujera tana nan inda na bar ta. Na tsaya a kan taya ɗaya na ƙirga tsalle arba'in da biyu kafin in sauko don kaina. Ya ma fi da, don tsohuwar wutsiyar tana ɗan lanƙwasa in na dira, wannan kuwa tsaf take, abin da na ba ta shi take mayar mini. Na juya dama, na juya hagu, keken na bina kamar ya san abin da zan yi.

Ba kowa a bayan ajin sai wata tunkiya. Na kifa goshi a kan keken na yi ta hamdala. Allah ya saka wa tsohon nan da alheri, ya bar masa ganinsa. Allah ya saka wa Hamani da alheri, shi da igiyarsa.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Turmin yaji, lafiya lau. Matsakaici, sau shida ba kuskure. Sa'a ta tsaya bakin madafa tana kallo ta tsakanin yatsu, ta ce in na fasa mata turmi in sassaƙo wani.

Turmin sussuka na maƙwabta ne, kuma kaka ce, aiki suke da shi. Sun ce in zo da la'asar in ɗauka. La'asar ta yi ina gyaran birki.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Na cire sirdi na ba Sa'a ta ajiye. Ban samu zuwa ɗaukar turmin ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba, Kona

Jama'a ta taru fiye da yadda na zata. Har daga rugage mata suka zo, wasu sun ce sun ji wai na mutu, sun zo su gani da idonsu. Na zagaya fili a kan taya ɗaya, na tsallake tabarma, na hau na farko, na hau na biyu. Guɗa ta tashi. Na ukun na ce wa majo yana girgiɗi, ƙasar wurin ba ta zauna ba, na sauko daga na biyun.

Ba wanda ya damu. Layin ɗigo ya kai har gindin bishiyar bedi, sai da aka aika a ƙaro magani. Majo ta ce rabon da ta ga haka tun kafin damina. An ba ni fura da nono na sha har na ƙoshi. Na dawo da ƙafafuna, kafaɗa lafiya. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, Tasawa

Turmin ba ya girgiɗi. Ni na kafa shi da hannuna jiya da safe, na hau da ƙafa na jijjiga shi.

Ina kan na biyu, cikin kujera sosai, keken ba nauyi ko kaɗan, jira kawai yake in taka. Bai taɓa shiryawa kamar jiya ba. Na dubi na ukun, tazarar da na tsallaka ya fi sau ɗari. Ban ma ji ƙas ɗin ba. Kawai na ga ba na so, na saki birki na sauko.

Na zaci yau zan tashi da baƙin ciki. Na jira shi har hantsi bai zo ba.

Baba ya turo Sa'a ta tambaya, wai ya ji ban hau na ukun ba, ko ƙarfen ne ya ba da ni, in kawo ya duba. Na ce ta gaya masa ƙarfe ba shi da laifi ko na ƙwayar gero, ban taɓa hawan keke mai kyau kamarsa ba. Ta tsaya tana kallona kamar za ta ƙara tambaya, sai ta ɗauki mayafinta ta fita.

Majo ta kira bayan azahar. Wata mai zuwa akwai gangami a wani ƙauye wajen Mayahi, tana so ta san abin da za a tanadar mini.

Na ce ta sa a nemo turmi biyu.